Fari Ba Ɗaya Ba Ne

Shekara ashirin da biyu ina sashen rini,
har yau shuɗi bai bar gindin farcena ba.
Ni ake kira in an sauke bandir,
in ɗaga shi ga taga, in ce wannan ya yi, wannan a mayar.
Har aka garƙame ƙofa, ciyawa ta cinye haraba,
idona bai taɓa cin amanata ba a masaƙar Kakuri.

Kuɗin sallama sun zo bayan mun daina jira,
bayan Bawa da Ɗan'azumi sun riga mu gidan gaskiya.
Na cire na kwanon ɗaki, na cire na makarantar Auta,
na biya mai shago bashin da shi kansa ya manta.
Saura na naɗe a aljihun ciki,
na ƙetare gada zuwa cikin gari.

Tanimu mai zobba, a bayan Babbar Kasuwa,
ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya ɗauko matsefata,
ya ajiye daimon biyu kamar mai ajiye garwashi.
Ɗaya ya kai ƙwayar dawa,
ɗaya bai fi ƙwayar gero ba.
Kuɗinsu ɗaya, in ji shi, babu ragi babu ƙari.

"Baba, ɗauki babban.
Ido girma yake fara gani.
A gidan biki tun daga zaure za a hango shi,
wa zai tsaya yi masa nazari?"

Na ce, yaro, kashe wannan ƙwan mai ruwan ɗorawa.
Ba ni farar takarda, mu je bakin ƙofa,
rana ba ta karɓar toshiya.
Ya dube ni, ya dubi farcena,
ya bi ni ba tare da sauri.

Ga shi kuwa.
Babban, a ƙarƙashin walƙiyarsa, akwai wani ɗumi,
kamar ruwan da masara ta kwana a ciki,
kamar alawayyon da ya yi damina a sito.
Ƙaramin kuwa ƙanƙara ce,
irin wadda ke dukan kwano a ruwan fari.

Bakina har ya buɗe, tsohon hukunci ya taso:
wannan ya yi, wannan a mayar.
Sai na tuna hannun Uwani.
Hannun da ya ja injin markaɗe a Makera
shekarun da ni nake zaune gindin dalbejiya ina lissafin iska.
Yatsun sun yi kauri, gaɓoɓin sun kumbura.
Yanzu in za ta zura allura sai ta kira Auta.
Ƙwayar gero a wannan hannu ɓata za ta yi.
Farin nan da nake ƙauna, don idon wa?
Nawa ne, ni kaɗai,
ni da girman kaina na Kakuri.

Na nuna babban.
Karon farko a rayuwata
na ce ya yi ga abin da na san ba fari ba ne.
Tanimu ya yi murmushin wanda ya ci ciniki.
Na bar shi da murmushinsa, na riƙe sirri.

Bayan isha'i, an ɗauke wuta,
na miƙa mata a hasken fitilar caji.
Ta juya shi, ta matso da shi, ta janye shi nesa.
Ta ce, "Yana da ɗan rawaya-rawaya, ko?"
Na yi shiru.
Ta ce, "Shekara talatin ina wanke maka riguna,
kana tsaye a kaina kana cewa a ƙara bula.
Ka zaci ban san fari?"

Na miƙa hannu, na ce gobe sai in mayar.
Ta tura shi a yatsa, ya tsaya a gaɓa, ta murza ya wuce.
Ta ce, "Launin hantsi ne.
Wanda ya kai la'asar irin tamu, hantsi ya ishe shi.
Bari."