Tukunyar Gwaggo Lanti

Gwaggo Lanti ta Kamba ba ta san ofsayid ba,
amma duk ƙasar da za mu kara da ita
sai ta dafa mana ita mu cinye.

Ranar Senegal, shinkafa da kifin Yawuri,
wai haka wani direba ya kwatanta mata.
Ranar Maroko ta turara dambu,
ta raɗa masa suna kuskus.
Masar kuwa wake ce, Ɗanjuma ya kwana juyi.

Sai ƙuri'a ta haɗa mu da Nijar.
Ta daɗe tsaye, muciya a hannu.
A Dosso aka binne cibiyar uwarta.

Ta kwaɗa zogale,
ta tuƙa tuwon kullum.
Ta ce, "Ku matso. Yau kowa ya ci,
a akushina ya ci."