Ƙugiyar Malam Barau

Bayan cin kasuwar Maƙarfi ya iso Zariya,
kekensa na kuka, dugadugansa duk faso,
rubutunsa ƙunshe cikin tsohon buhun taki,
da mazarƙwaila shida, gaisuwar mai shago.

Ni ne yaron da ke jera baƙaƙen dalma
a wata madaba'a, Sabon Gari, bayan tasha.
Maigidana ya ce ɗari uku, kuɗi hannu.
Malam Barau ya ce, "Jira ni in sare rake."
Ya sare, kuɗin bai kai ba,
ya haɗa da tunkiya.

Bai waƙe mai mulki ba, bai waƙe mai naira ba.
Akwai ta tsutsar da ke huda karan dawa,
akwai ta jakin da ya ƙi tsallake rafi,
da wata doguwa, baiti arba'in,
kan rijiyar da ta ƙafe shekarar da Delu ta rasu.

Akwatinmu ba ƙa mai ƙugiya, duk sun gaje.
Na cusa ka, na ja bakina.
Inda ya ce ƙasa ce uwarsa
sai ga kasa kwance a tsakar baiti,
macijiya, sau ɗari uku.

Bai ɗaga murya ba.
Benci ya ara, ya sayi biro shuɗi,
kwana uku yana bin shafi kamar mai bin kunya,
yana tanƙwasa wa kowane harafi kai.
Na kawo masa ruwa, na kasa haɗa ido.
Ya ce, "Yaro, ko a gona akan yi maimai."

Goma sha tara ya sayar.
Liman ya karɓi ɗaya, ladan ya ara bai mayar ba.
Sauran suka hau rumbu, kan damman gero,
gara ta sauke su tun daga bango.

Bara, a Tashar Yari, na sayi tsire.
Takardar ta jiƙe da mai, ta sha yaji,
amma ga su nan, ƙugiyoyi shuɗɗa,
jere kamar sabon tsiro bayan ruwan dare.
Na tambayi mai tukuba, ya ce, "Wane Barau?
Mai rake? Ai ya kwanta dama, damina biyar."

Naman na ba almuru, karen tasha ya cinye.
Takardar na ninke huɗu
na sa ta a hula.