Mai Wankin Riguna

Shekara talatin da ɗaya nake wa ƙungiyar nan wanki,
a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin kujerun 'yan kallo,
inda jirgin ƙasa mai zuwa Sidni ke girgiza mini kwalbar sabulu.
'Yan zari-ruga ne. Kowa na san shi da warin guminsa.

Ran Talata aka kawo sababbin riguna cikin kwali,
da bakan gizo siriri a ƙirji,
bai kai faɗin yatsu biyu ba.
Na rataye su bisa ƙusa, lamba bayan lamba.

Semisi ya daɗe tsaye gaban takwas ɗinsa.
Yaron da uwarsa ta kawo daga Tonga da takalmin aro,
mai durƙusawa kafin kowane wasa,
goshi a benci, leɓe na motsi.
Ya ce, "Inna Doreen, ba zan iya ba.
Ran Lahadi ni ke riƙe wa babana littafi a coci.
Abin da aka karanta mini tun ina goye
ba ya tuɓuwa kamar safa."
Bai ɗaga murya ba.
Ya ninke ta da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu.

A ƙusa ta tara, kafaɗa da kafaɗa, Rhys ne.
Shekara shida yana ɗaukar ƙwallo daga ƙafar Semisi,
shekara shida yana ce mana Declan abokin haya ne.
Ni kuwa na san wa ke zuwa ɗaukarsa in gwiwa ta kumbura,
na san wa ya yi kuka cikin mota ranar da aka ɗinke masa gira.
Ya zura tasa, bai dubi kowa ba.
Sau uku igiyar takalmi na kuɓuce masa.

Kafin Alhamis magana ta fi ƙarfin ɗaki.
'Yan jarida a ƙofa kamar ƙuda kan ɓawon kankana.
Wannan ya ce a kore shi, fili ba wurin wa'azi ba ne.
Wancan ya ce, to wa ya fara ɗinka wa'azi a riga?
Manyan da suka yi odar kwalin ba shawarar kowa
suka kulle ofis suna ƙirga masu talla.
Ba wanda ya sauko ɗakin ƙasa.

Da sun sauko, da na ce musu
ni ban iya yanke hukunci ba, guga na iya.
Amma kafin ka liƙa wa mutum magana a ƙirji, tambaye shi.
Kuma ku tuna akwai wanda ya haɗiye tasa shekara shida,
don a ɗakin nan ba a taɓa nuna masa
cewa bakinsa ba zai ci masa riga ba.

Asabar aka yi ruwa.
Semisi bai buga ba, ya roƙa a bar shi ya kai ruwan sha.
Rabin fili na masa ihu, rabi na tafi,
duka biyun sun sa shi sunkuyar da kai.
Da aka maka Rhys da ƙasa, minti goma ya rage,
shi ya fara isa, ya tallabe masa ƙeya.

Bayan an watse ina tara safa, na ji su.
"Ka san zancen Declan?"
"Tun shekarar farko."
"To?"
Famfo na ɗiga. Semisi ya buɗe baki, ya rufe.
Rhys ya jira, ya jira, ya ɗauki jakarsa.
A bakin ƙofa ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Kada ka makara."

An ci mu da maki huɗu.
Tara ta zo mini da taɓo da ɗan jini a wuya,
sai da na jiƙa ta kwana guda.
Takwas tana nan kan kanta yadda ya ninke ta,
ban san inda ake ajiye rigar da ba ta yi datti ba.