Kumfa a Cikin Baho

Aji uku, ɗakin ƙarshe, gindin darbejiya.
Yara saba'in da takwas, benci goma sha ɗaya,
sauran a ƙasa, kan buhun da kowa ya ɗauko daga gida.
Ni ce malamarsu. Allina guntu,
muryata ta dushe tun ran Talata.

Bishir can baya yake zama, inda kwano ke yoyo.
Hamsin da biyu, a ɗebe sha bakwai:
sati uku muna tsaye a wannan mashiga,
kullum arba'in da biyar yake kawo mani.
Ya goge, ya sake, ya goge da yawu,
har takarda ta huje, ana hango benci ta ciki.
Ran Laraba ya kife littafin.
"Malama, ki bar ni. Kaina dutse ne."
Wannan magana ta fi bakinshi girma,
wani babba ne ya ɗora mashi ita.
Ban sami amsa ba. Aka kaɗa ƙarfen tashi.

Da la'asar, acaɓar da na hau ta yi faci a Ƙofar Ƙaura.
Muka tura ta rumfar mai gyara.
Maigidan ya tafi masallaci, sai ɗanshi,
tsugune gaban baho, hannu duk baƙin mai.
Bishir ne.
Ya zaro tub, ya ba ta iska,
ya nutsa ta a ruwa yana juyawa, taƙi bayan taƙi.
Shiru.
Ya sake zagayowa. Shiru.
Mai babur na ta tsaki yana duban rana,
yaron ko kai bai ɗaga ba.
A zagaye na huɗu sai ga ta,
kumfa siririya, kamar zaren ɗinki, tana tasowa.
Ya soka tsinken ashana a wurin,
ya yi murmushin da ban taɓa gani ba a aji.

Washegari na tsallake ƙafafu na je har bayan.
"Jiya da ka ga kumfa, yar da tub ɗin ka yi?"
"Haba Malama, ai nan hujin yake."
"To ga kumfarka, tsakanin biyu da bakwai.
Biyu ba ta da ƙarfin biyan bakwai.
In gishiri ya ƙare ana tsakar miya, me Inna ke yi?"
"Gidan su Barira take aike na."
"Aiki biyu gidan biyar, ta aro goma."

Ya ciji fensir. Ya daɗe.
Ya rubuta talatin da shida.
Na ce, "Sake zagayowa."
Yatsun hannu suka ƙare, ya cire silifa ya haɗa da na ƙafa.
Talatin da biyar.
Bai yi ihu ba. Ya dai shafa lambar da ɗan yatsa
kamar mai duba ko facin ya kama.

Tun ranar na daina gicciye aikinsu da jan biro.
Ɗan zagaye nake yi, ƙarami, daidai inda iska ke fita.
Yanzu sai ka ji ana, "Malama, kumfa nawa gare ni?"

Ba wai komi ya gyaru ba.
Hindatu ta sami tara a karatu, ta yi kukanta,
na zauna kusa har ta gama, muka ɗauki ta farko.
Lawandi bai zo ba tun Litinin,
sai na bi sawu Rafin Daɗi in ji dalili.
Kwanon bai daina yoyo ba.

Gobe za mu shiga rabawa.
Na san bahon zai cika da kumfa.
Na sayi alli sabo, kwali guda, da kuɗina.