Ƙugiyar Ɓaidu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda buhu ke kwana a kan buhu,
akwai ɗakin kwano da fanka mai tari,
da ni, da kwamfuta, da shayin da ya huce.

Ni na rubuta manhajar sikeli.
A auna, ta lissafa, ta tofo rasit.
Wata uku ba ta yi mini gardama ba.

Ran Talata Malam Ɓaidu ya shigo,
takarda a hannu kamar mai kawo sammaci.
"Yaro, duba nan. Wane ne wannan?"
Na duba: ?aidu.
Alamar tambaya ta zauna a mazaunin harafi.
"Kakana da ƙafa ya zo daga Haɗeja,
bai yar da ƙugiyar sunansa a hanya ba.
Kai ka yar da tawa a cikin akwati?"

Na ce abin da kowa ke cewa a sana'armu:
"A tawa kwamfutar lafiya lau take."
Ya ce, "To, a taka kwamfutar zan karɓi kuɗina?"

Da dare na kira Mu'awiya a Bur Sudan,
shi ke kiwon sabar da bayananmu ke kwana.
Murya na yankewa, tana dawowa:
"Bar rantsuwa. Bi sunan sawu-sawu,
kamar mai neman inda kwata ta toshe."
Na bi.
A kibod, Ɓa na nan da ƙugiyarta.
A fom, tana nan.
A bakin rumbun bayanai aka tare ta:
tsohon mai gadi ne, haruffa kaɗan ya sani,
wanda bai sani ba sai ya tambaye shi, "Kai wa?"
ya rubuta tambayar a madadin baƙon.

"Mayar da teburin UTF-8," in ji Mu'awiya,
"har igiyar da ke haɗa ku, kar ka manta ta.
Amma kwafi rumbun tukuna.
Ba a gyaran jinka da hatsi a buɗe."

Na kwafa. Na gyara layi tara.
Ina kan na goma wuta ta ɗauke,
batirin da ya tsufa ya bi ta.
Ban adana a Git ba tun la'asar.
Na zauna cikin duhu ina jin ƙwari na cin buhu,
nawa ƙwaron yana jirana a ciki.
Da janareton maƙwabci ya tashi na sake daga farko,
kowane taki ɗaya, in ɗaure shi da saƙo.

Asuba na tura, Git ya ƙi:
ashe Mu'awiya ma ya taɓa layin nan.
Nasa a sama, nawa a ƙasa,
kibau a tsakani kamar shingen gona.
Muka karanta tare, muka bar nasa,
don nasa ya fi. Na haɗiye wannan da shayi.

Abu ɗaya gyara bai iya ba:
harafin da aka riga aka binne ba ya tashi.
?osau, ?anjuma, Bala ?an Asabe,
suna ɗari biyu da sha huɗu.
Na ɗauko tsohon littafin akawu mai warin mai,
na mayar musu ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Sannan na rubuta gwaji ƙarami:
kafin kowane sabon aiki ya wuce,
sai sunan Ɓaidu ya shiga rumbu ya fito
da ƙugiyarsa a kai.
Bai san ya zama mai gadin ƙofa ba.

Alhamis ya dawo da buhu shida.
Ya ɗaga rasit saitin rana, ya daɗe yana kallo,
ya ninke, ya sa a aljihu.
"Suna ya dawo," ya ce.
"Farashin fa, a wane layi yake?"