Dajin Alluna

Mai ya kusa ƙarewa muka tsaya a Watson Lake.
Goman dare, rana ta ƙi faɗuwa,
ta maƙale a kan itatuwa
kamar baƙon da ya yi sallama amma bai tashi ba.

Baba ya farka a kujerar gefe,
ya goge baki, ya ce, "Nan ne, Marnie. Kashe ta."

Daji ne, amma ba ganye.
Turaku a jere, kowanne ya ninka tsayin mutum,
an lulluɓe su da sunayen garuruwa:
allon titi, lambar mota, murfin tukunya.
Wani ma marfin masai ya kafa,
ya rubuta sunan matarsa da jan fenti.
Ko so ne, ko huce haushi, oho.

An ce wani soja ne kewar gida ta kama,
ya kafa na fari.
Ashe kewa haihuwa take yi;
ga 'ya'ya, ga jikoki, dubu bisa dubu,
kowanne da ƙusa a goshi.

Sauro ya taso mana da gayya.
Wata Bajamusa na bin layi-layi da yatsa,
tana cigiyar ƙauyensu.

Baba ya buɗe bayan mota,
ya kwance bargon da ya shekara talatin a ɗaure.
Koren allo, kusurwa guda ta lanƙwashe:
Cassiar.
Can aka yanke min cibiya.
Da ramin haƙa ya rufe, aka yi gwanjon garin,
na ga gidanmu a kan tirela, da labulensa,
yana tafiya kudu ba tare da mu ba.

Ya ɗaga guduma, tari ya riga shi,
tarin nan da ramin ya ba shi kyauta.
Ƙusa ta fari ta karkace.
Ta biyu ta faɗi cikin tsakuwa.
Na riƙe ta uku, na rufe ido,
na ba shi amanar yatsuna.

Ta shiga.

Wani yaro mai alewa a kunci ya karanta da ƙyar,
ya ce, "Tsoho, da nisa?"
Baba ya ce, "Wurin, awa biyu ne.
Garin kuwa, ba man da zai kai ka."

Ya ja da baya, ya duba.
Dama, wani gari na Japan.
Hagu, murfin tukunyar nan.
Ya yi dariya har tarin ya dawo:
"To, mun sake yin maƙwabta."

Muka sha shayin da ya huce a gora,
muka sayi mai da tsada.
Allon ya ɗan karkata, na gani a madubi,
ban faɗa masa ba.
Ya ninke bargon a cinya,
hannunsa na ta shafa inda babu komai.