Lugude

Malam Ishaya ya kawo mini takarda da Faransanci,
ya ce, Tabita, muryarki ba ta rawa,
ke za ki shige gaba ki riƙe wa mutane fitila.
Waƙar ibada ce ta Turawan dā,
ta ga kakan kakanmu,
awa biyu da 'yan kai ana yin ta,
wanda bai san hanya ba tun daga zaure zai juya.

Ɗakin ɗaukar murya yana Zariya, bayan mai faci.
An lilliƙa kwalin ƙwai a bango.
Barmo na zaune, kunne ɗaya a kaina,
ɗayan yana jiran kuran ya ɗauke.

Na karanta: oratoriyo.
Kalmar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifin Madarunfa.
Na ce labari ne daga Littafi, ana rera shi a tsaye,
ba shigar wasa, ba mai faɗuwa ƙasa,
murya ce kawai ke mutuwa ta tashi.

Takarda ta ce a nan muryoyi huɗu suna bin juna.
Na rasa ta inda zan kama
sai da na tuna tsakar gidanmu a Tibiri:
Inna ta saki taɓarya,
kafin ta ɗaga Gwaggo ta saki tata,
Larai ta kutsa tsakani har da tafi,
turmi ɗaya, ba wadda ta daki hannun wata.
Na ce, jama'a, lugude ne. Ku kasa kunne.
Barmo ya yi dariya har sai da muka sake ɗauka.

Na ce mai ƙaran nan siriri
ƙanin gurmi ne da ya yi arziki ya tara tsirkiya.
Na ce waɗancan goge ne, sun fi goma, an hana su gardama.
Na ce in mace ta kama kalma ɗaya tana ja
kada ku ƙosa,
kaɗi take yi, ku bar mazari ya gama juyi.

Kwana tara muna abu ɗaya.
Kiran la'asar ya shigo ta taga, muka dakata masa.
Akuyar mai faci ma ta sa baki sau biyu.

Akwai wani wuri can tsakiya,
mace ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, goge na bin ta a hankali.
Rabin shafi na cika a kansa,
na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da yamma na kai wa Iya Tasalla mai ƙuli-ƙuli,
katanga ɗaya ce tsakaninmu.
Ba ta taɓa taka coci ba,
ba ta jin ko kalma ta harshen.
Hannunta duk mai, ni na saƙala mata abin a kunne,
na kuskure, na danna inda babu bayanina.

Ta bar murza tunkuza.
Ta ce, wannan wa ya rasu mata?
Na ce, Iya, takarda ta ce…
Ta ce, bar takarda. Ɗa ne.
Ji yadda take komawa wuri ɗaya
kamar mai leƙa ɗakin da ta san ba kowa ciki.

Ba ta dube ni ba.
Damina shida ke nan da Sabi'u ya hau motar Agadas.
Man da ke kasko ya yi ta ƙonewa, ba wadda ta tashi.

Da safe na ce, Barmo, goge rabin shafin nan.
Malam Ishaya ya ce, to me za su ji?
Na matsa kusa da abin magana,
na ce: a nan zan yi shiru.
In kun saurara da kyau akwai numfashina a ciki,
da wani babur da ya wuce.

Yanzu duk bayan isha'i Iya takan ƙwanƙwasa katanga,
ta miƙo ƙuli uku a takarda,
ta ce, sa mini matar nan.